Yadda Aka Rataye Jirgin Doña Casilda

Tunda kowane mai baki a garin Colón ya ba da nasa labarin, har da waɗanda ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce na bokiti ba, to ni ma a matsa mini in faɗi nawa. Ni ne Evaristo Samaniego, mai shagon aski a hanyar da ke gangarawa matsayar ƙananan jirage. In kun ga bidiyon nan da ke yawo a wayoyi, na wani kyakkyawan mutum cikin fararen kaya, ya rungume sandar tuta yana kiran sunan uwarsa, to ni ne. Amma ba uwata nake kira ba. Umarni nake bayarwa, iska ce ta kwashe rabin maganar.

Shekara ashirin da shida ina yi wa matuƙa aski. Duk mai jirgin filafilai da zai ƙetare Mashigi, wato hanyar ruwan da aka haƙa daga wannan teku zuwa ɗaya tekun, sai ya fara zama a kujerata. Faransawa, mutanen Holan, 'yan Ajantina masu surutu, duk na taɓa kunnensu. Mutum kuwa in aska tana kan maƙogwaronsa ba ya ɓoye komai. Dukansu abu guda suke tsoro, matakalan Gatún, wato ɗakunan ruwa masu hawa-hawa da ake shigar da jirgi. Su ce da zarar an rufe ƙofofin ƙarfe, ruwa ya fara ɓulɓulowa daga ƙasa yana ɗaga jirgi, to ka ja igiya, ka ja, ka naɗe ta a turke, kada ka kuskura ka saki. Su biya, su tafi, ba na sake ganin ƙeyarsu. A haka na haddace aikin Mashigi kaf ba tare da na jiƙa takalmina ba. Shi ya sa 'yan teburin wasan domino suke kirana Kyaftin. Wasu sun ce da ba'a suke yi. Hassada ce.

To, akwai Doña Casilda Prescod, wato Uwargida Casilda. Mijinta Alfonso ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ya bar mata gida mai yoyo da jirgi mai filafilai ɗan mita goma. Sunan jirgin Casildita, kuma marigayin ne ya rubuta shi da hannunsa a gefen hagu, da shuɗin fenti da ratsin ruwan zinariya. Kowace Lahadi bayan coci sai ta je ta goge sunan nan da tsumma. Shekara uku ina zarya gidanta neman aurenta, da gashin bakina a murɗe. Shekara uku kuma wani direban tasi, Nicanor, yana zuwa yana gyara mata famfo. Mutumin nan ba ya furta kalma goma a wuni. Wai yakan riƙe wa baƙi igiya a Mashigi in kasuwar tasi ta yi sanyi, wai ya ƙetare sau ɗari biyu. Sau ɗari biyu, amma bai samo labari ko ɗaya mai daɗin ji ba.

Wata ranar Laraba ta kira ni.

Ta ce, "Evaristo, zan koma gidan mahaifiyata a tsibirin Taboga, kuma da jirgina zan tafi. Shekara uku kana cika mini kunne da cewa Mashigi a tafin hannunka yake."

Na ce, "Har da layukansa, Doña."

"To madalla. Ka raka ni. In Casildita ta isa Taboga ba ƙwarzane ko ɗaya a jikinta, musamman sunan nan, a bakin gaɓa zan ba ka amsar da kake nema. In kuwa ta ji ciwo, kada ka sake murɗa mini gashin bakin nan."

Na dafa ƙirji. Na rantse da mutum-mutumin Baƙin Almasihu na cocin Portobelo cewa ko kashin tsuntsu ba zai sauka a jikinta ba.

Dokar Mashigi ita ce kowane ƙaramin jirgi sai da matuƙi, da mutum huɗu masu riƙe igiya, da jagoran da hukuma za ta turo. Na ɗinka fararen kaya masu maɓallan tagulla, na sayi hula mai baki. Ranar tafiya na iso na nufi sitiyari kai tsaye, sai na tarar Doña Casilda ta riga ni.

Na ce, "Doña, wurin kyaftin ne nan."

Ta ce, "Shekara talatin ina tuƙa wa Alfonso yana barci. Kai ne kyaftin ɗin igiyar baya ta hagu."

Igiyar baya ta dama kuwa, wa zan gani? Nicanor, da tsohuwar riga mai tabon man inji. Igiyoyin gaba biyu aka ba Hilda da Nilda, tagwayen yayarta, mata ƙosassu masu soya kifi a kasuwa, waɗanda bakinsu ya fi wuƙarsu kaifi.

Hilda ta ƙare mini kallo ta ce, "Nilda, an gayyaci mai sayar da askirim ne?"

Nilda ta ce, "Ke, ki yi ladabi. Limamin da zai yi mana addu'ar nutsewa ne."

Ban kula su ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da Nicanor ya yi wa jirgin. Tsofaffin tayoyin mota goma sha biyu, kowacce an naɗe ta da baƙar leda, ya rataya su a gefe da gefe kamar shagon faci. Har ɗaya ta rufe rabin sunan.

Na ce, "Kompadre, abokina, wannan jirgi ne ko juji?"

Ya ce, "Bango."

"Wane bango?"

"Na Mashigi." Ya ci gaba da ɗaure tayarsa. Kalma uku ke nan daga cikin gomansa na ranar.

Da la'asar jagoranmu ya hau, Don Plinio, ɗan siririn dattijo mai rediyo a kafaɗa. Bai tambayi inji ba, bai tambayi igiya ba. Ya shaƙi iska ya ce, "Me aka dafa?" Kowa ya san jagora haƙƙinsa ne a ba shi abinci mai zafi. Doña Casilda ta nuna masa tukunyar sankocho, kaza da doya sun sha ganyen ƙamshi. Nan take ya zama ɗan gida.

Muka shiga ɗakin farko na Gatún a bayan wani jibgegen jirgin kaya. Bangaye suka tsaya mana hagu da dama, baƙaƙe, masu gansakuka. A can sama ma'aikata huɗu suna wulwula siraran igiyoyi masu dunƙule a baki, wanda ake kira dunƙulen biri, za su jefo mana mu ɗaura manyan igiyoyinmu su janye.

Don Plinio ya ce, "Kowa ya kare kansa. A bari ya faɗi ƙasa tukuna, sannan a ɗauka."

Na ce, "Wannan na 'yan koyo ne. Ni da hannu ɗaya nake cafkewa."

Na cire hula, na miƙe, na ɗaga hannu. Kuma na rantse da na cafke, in ba don rana ta shiga idona ba. Ji kake ƙwal! A tsakiyar goshi. Na zauna ba shiri a kan bokiti.

Nilda ta yi ihu daga gaba, "Ya cafke, Inna! Da ka ya cafke!"

Hilda ta ce, "Kawu Evaristo, wancan na dama ma yana zuwa, ko za ka taimaka wa Nicanor?"

Kafin a rufe ƙofa ƙulu ya fito mini kamar ƙwan agwagwa, hula ta ƙi zama sai a karkace. Amma ku saurari abin da masu yaɗa bidiyo ba sa faɗa. Da ruwa ya fara tasowa yana tafasa, jirgi yana fizge-fizge, wa ya ja igiya kamar Evaristo? Na ja, na naɗe, na ja, na naɗe. Matakala uku muka hau, ko sau ɗaya igiyata ba ta yi sako-sako ba. Don Plinio da bakinsa, cokali a hannu, ya ce, "Mai farin kaya, hannunka da ƙarfi." Doña Casilda ta waiwayo ta yi mini murmushi. Na ga haƙorinta na zinariya. A shekara uku, ranar na fara ganinsa.

Muka kwana a tafkin da ke saman matakalan. Da safe na tara su na yi musu lacca.

Na ce, "Sirrin Mashigi ɗaya ne, kuma jiya kun gani da idonku. Namiji ba ya sakin igiya."

Nicanor ya buɗe baki. "Yau kuwa..."

Na ɗaga masa hannu. "Kompadre, kai ka ƙetare sau ɗari biyu ba a taɓa yaba maka ba. Ni sau ɗaya, jagora ya yi magana. Bari masu sani su yi bayani."

Ya rufe bakinsa. Ku lura da wannan, don gaba za a ce ya yi ƙoƙarin gaya mini. Mutumin da ke da magana mai muhimmanci, ɗaga hannu ɗaya ne zai hana shi?

Muka ratsa tafki, muka shiga tsagin dutse, rana tana dukan tsakar ka. Don Plinio ya dawo aikinsa da sassafe, ya ce a matakalar Pedro Miguel za a jingina mu a jikin jirgin da ke jan manyan jirage, babu aikin dogayen igiyoyi, sai a Miraflores. Da na ji Miraflores murna ta kama ni. Wa bai san barandar Miraflores ba? Bene hawa huɗu cike da 'yan kallo daga ko'ina a duniya, da mai lasifika yana yi musu bayanin kowane jirgi, da kyamarar da ke nuna wa duniya kai tsaye. Tun daga Colón na gaya wa 'yan teburin domino su taru a shagona su kunna waya da ƙarfe biyu.

Sai na sauka cikin jirgi in shirya. Na rina gashin baki, na shafa hoda a ƙulun goshi, na goge maɓallai ɗaya bayan ɗaya, na soka askata ta gado a aljihun gaba don ƙyallinta ya fito. Na ji ana ta hayaniya a sama, ana cewa a sassauta, a sassauta, na ɗauka tagwaye ne ke faɗa a kan kifi. Ashe wai Pedro Miguel muka wuce. Wai a nan ne kowa ya ga ruwa yana sauka maimakon hawa. Ni dai ina gaban madubi, kuma ba wanda ya ƙwanƙwasa mini.

Da na fito, ga Miraflores a gabanmu, ga baranda a hagunmu maƙil da jama'a. Hagu, wato gefena, wato gefen sunan. Duniya za ta kalli Casildita da baƙaƙen tayoyi shida a fuskarta? Kowa ya duƙufa kan igiyarsa, Doña Casilda idonta na kan ƙofar ƙarfe, Don Plinio yana magana da rediyo. A hankali na bi gefen na janye tayoyin hagu ɗaya ɗaya, na kwantar da su a kan dakalin jirgi. Sunan ya fito fes, zinariya tana walƙiya. Don ita na yi. A rubuta wannan.

Aka jefo dunƙulen biri, wannan karon na ba shi hanya ya wuce. Aka ja igiyoyinmu huɗu aka saƙala a bango, muka tsaya cak a tsakiyar ɗaki. Na ja tawa har ta yi ƙara, na naɗe ta a turke sau uku, na gicciya, na sake gicciyawa, sannan na kawo wani ƙulli da wani ɗan Norway ya koya mini da igiyar rigar aski, na ɗora a sama. Na taka da ƙafa. Na juya wa turke baya, na fuskanci baranda, na sara musu.

Mai lasifika yana cewa, "Ga wani ƙaramin jirgi namu na gida, Casildita, daga Colón." Jama'a suka yi tafi. Na cire hula na rusuna.

Don Plinio ya ce, "To, za a fara. A riƙa saki a hankali."

Na ji, amma na ɗauka da tagwaye yake.

Abu na farko da na lura da shi, baranda tana ƙara tsawo. Na biyu, ƙafata ta hagu ta fi ta dama tudu. Na uku, muryar Doña Casilda.

"Evaristo, saki!"

Na ce, "Doña, kwantar da hankalinki, a ɗaure take tamau."

"Saki na ce! Sauka muke yi!"

"Sauka ina?"

Hilda ta kurma ihu, "Teku, Kawu! Ko ka ɗauka a saman dutse aka ajiye shi?"

Sai a lokacin na duba bango. Ruwa yana zurarewa ƙasa kamar an cire toshiyar kwatami. Sauran ukun suna ta zura igiya tana bin hannunsu sumul, jirgi yana bin ruwa. Kusurwata kaɗai ta ƙi. Igiyata ta miƙe kamar sandar ƙarfe, tana ɗiga, tana kuka. Gindin jirgin na hagu ya fara ɗagowa daga ruwa, kuma duk jirgin yana tafiya wajen bango.

Na durƙusa kan ƙullin ɗan Norway. Na sa farce, farce ya karye. Na sa haƙori. Jama'a, ƙullin nan ƙulli ne na gaske, ko a yau ina alfahari da shi.

Nilda ta ce, "Tayoyi! Ina tayoyin hagu?"

Hilda ta ce, "Ga su nan kwance suna shan iska!"

Jirgi ya ƙara karkata. Tayoyin nan shida suka gangara ɗaya bayan ɗaya suka faɗa ruwa ta dama. Tukunyar sankocho ta rana, wadda aka ɗora wa Don Plinio, ta taso daga mazauninta ta biyo gangara, ta yi masa sallama a cinya, ragowar ta ƙare a farin wandona. Don Plinio yana tsalle yana ihu a rediyo a tsayar da ruwa. Ni kuma santsin romo ya kwashe ni, na rarumi sandar tuta na rungume. A nan ne aka ce na kira uwata. Mai lasifika ya ce, "Jama'a, wannan ba ya cikin tsarin aiki." Wayoyi ɗari huɗu suka ɗago a lokaci guda.

Sai ga Nicanor. Ya miƙa wa Doña Casilda igiyarsa ta riƙe da hannu ɗaya, ya hauro gangaren nan da rarrafe, ya zura hannu a aljihuna ba ko gafara, ya zare askata ta gado, wadda ba ta taɓa taɓa abin da ya fi gemu tauri ba. Ya ɗora ta a kan igiya. Taɓawa ɗaya, igiya ta fashe kamar bindiga.

Casildita ta faɗo ruwa tim, ta yi lilo, ta tafi da gefenta na hagu ta sumbaci bango. Ƙarar nan har yau tana cikin haƙorana. Ƙiiiii, tun daga tsakiya har baya. Da aka janyo mu tsakiya, na leƙa. Shuɗi da zinariya suna can a jikin bangon Miraflores, dogon layi guda. A jikin jirgi kuwa babu ko harafi ɗaya.

Baranda ta ɓarke da tafi. Na ɗaga hannu in amsa, sai na ga Nicanor suke nunawa.

Don Plinio yana yarfe doya daga wandonsa ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya koya maka aikin igiya?"

Na ce, "Manyan matuƙan duniya, a shagona, shekara ashirin da shida."

"Kafin su ƙetare ko bayan sun ƙetare?"

"Kafin."

"Akwai wanda ya taɓa dawowa ya ba ka labarin sauka?"

Na yi tunani. Babu.

Nilda ta ce, "Wayyo Allah cikina! Rabin Mashigi ya haddace!"

Hilda ta ce, "Ya iya hawa, saukowa sai an kira 'yan kwana-kwana!"

Doña Casilda ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi. A matakala ta ƙarshe aka ba Don Plinio haƙuri, aka ƙulla igiyata, aka ba ni bokiti da tsumma. Muka fita teku, aka ɗaga filafilai, iska ta ɗauke mu har Taboga.

A bakin gaɓa ta sauka, ta zagaya ta tsaya a gaban inda sunan yake a da. Ta shafa wurin da tafin hannu, ta daɗe. Ni kuwa na murɗa gashin baki, don mutum ba ya fid da rai.

Na ce, "Doña, in an duba da kyau, fenti ne kawai. Ni ma ina da hannun rubutu."

Ta ce, "Na ga aikin hannunka, Evaristo." Ta juya. "Nicanor, famfon gidan nan ma yana yoyo."

Ya ce, "To."

Shi ke nan. Da "to" ɗaya ya kwashe abin da na yi shekara uku ina tsara wa jawabi.

Na hau jirgin fito, sannan na koma Colón a motar haya, wandona yana warin kaza. Na tarar 'yan domino sun cika shagona, sun kalli abin kai tsaye, sun sake kallo sau goma sha ɗaya. Wani mara kunya har ya rataye kujerar askina da igiya a jikin taga, ƙafa ɗaya a sama.

Bayan wata biyar aka sa ranar auren Doña Casilda da Nicanor a cocin Taboga. Ana gobe biki, sai ga ango ya shigo shagona, ya ajiye mini askata a kan tebur, an wasa ta, ya zauna a kujera.

Ya ce, "Aski."

Na ce, "Da girmamawa, kompadre."

Na yafa masa ƙyalle, na juya kujerar ta ba madubi baya. Na fara daga kunnen dama, na hau, na hau, a tsanake, tas kamar ƙwai, har na kai daidai tsakiyar ka. Na aske rabin gashin baki na dama shi ma. Sai na wanke aska, na ninke ta, na sa a aljihu, na juyo da shi ya ga kansa.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ɗaya gefen fa?"

Na ce, "Wannan ai sauka ce, kompadre. Duk duniya ta shaida ban iya ba."

Na kashe fanka, na ɗauki hulata, na bar shi da 'yan domino.